Zauren Kawu: Littafin da Aka Saya a Waya, Ana Mayar da Shi?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu huɗu suka zo mini a kan magana ɗaya, daga Madina da Jidda da Riyad da Makka, sai na ga gara in haɗa su wuri guda. Dukansu a kan littafin da ake saye a waya ne, wanda ba shi da takarda balle bango. Waɗanda suka daɗe suna bin wannan fili sun san na yi shekaru a bayan kanta a wani kantin littattafai a Makka kafin in dawo Jidda da zama. Maganar mayar da littafi na sha ta tun ina da baƙin gemu. Abin da ya sauya yanzu shi ne mai saye ba ya ganin fuskar mai kanti.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina. Shekaranjiya na sayi littafin koyon Turanci a Kindle, manhajar littattafai ta kamfanin Amazon, dala 12. Da na buɗe sai na tarar tsohon bugu ne, ba wanda nake nema ba. Ban wuce shafi biyar ba. Abokin ɗakina ya ce in haƙura, wai abin da ya shiga waya ya shiga ke nan. Daga mukafa'ata, wato alawus ɗin da jami'a ke ba mu, na cire kuɗin. Ɗanka, daga Madina.

Amsa: Ɗana, na aika maka da amsa tun ranar da saƙonka ya iso, domin kwanakin da ake ƙirgawa ba sa jiran fitowar mujalla. Ina sake ta a nan saboda 'yan'uwanka ɗalibai. Dala 12 riyal 45 ke nan, tunda a kan riyal 3.75 dala take, kuma na san nauyin riyal 45 a aljihun wanda ke jiran mukafa'a.

Abokin ɗakinka abin da ya ji ya faɗa, amma ba haka zancen yake ba. Amazon tana ba mai saye kwana 7 daga ranar ciniki ya mayar da littafin Kindle. Kada ka ɓata lokaci kana lalube a cikin manhajar karatu. Buɗe shafinsu na intanet, ka shiga asusunka, ka je inda aka jera kayan dijital da ka saya, za ka ga wurin neman kuɗinka a gefen sunan littafin. Za su tambaye ka dalili, sai ka faɗi gaskiya: ba bugun da kake so ba ne. Littafin zai fita daga wayarka, kuɗin su koma katin da ka biya da shi. Kwana 3 zuwa 5 suke cewa. In ka ga 'yan halaloli, wato kwabban riyal, sun ragu kada ranka ya ɓaci, wani lokaci banki na riƙe ladan canjin da ya cira.

Akwai sharaɗi guda da ya kamata kowa ya riƙe. Tun sauyin da suka sanar a 2022, wanda ya karanta fiye da kashi 10 cikin 100 na littafi ba ya mayarwa da kansa, sai ya yi magana da ma'aikacinsu ya duba lamarin. Kai da ka tsaya a shafi na biyar ba ka da wannan damuwa. Rufe shi kawai, kada ka ƙara buɗewa.

Masu saye a Google Play Books su ma kwana 7 ne a yawancin littattafai, in kuma littafin ne ya ƙi buɗuwa ko ya zo da lahani, suna sauraron ƙorafi har kwana 65. Apple Books nata daban ne: ka shiga reportaproblem.apple.com, ka zaɓi littafin, ka faɗi dalili, su duba su ba ka amsa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma suna iya cewa a'a. Kowane kanti da nasa tsarin, shi ya sa nake cewa a karanta sharaɗin tun kuɗi na aljihu.

A azumin bara, mun dawo daga tarawihi ina shan shayi a falo, sai saƙon banki ya shigo wayata sau uku a jere. Na leƙa ɗaki na tarar da jikana ɗan shekara biyar a kwance rub da ciki, kwamfutar hannun kakarsa a gabansa, ɗan yatsansa duk maiƙon sambusa. Hoton raƙumi ya gani a bangon wani littafin yara, ya danna, ya danna na kusa da shi, ya ƙara da na uku. A daren na mayar da biyu, waɗanda ko buɗe su bai yi ba. Na raƙumin na bar shi, domin kafin in gama da sauran kakarsa ta riga ta karanta masa shi daga farko har ƙarshe. Washegari na sa kalmar sirri a kan duk wani ciniki. Iyaye, ku yi haka yau.

Sannan manyan kantunan nan duk suna ba da shafukan farko kyauta, kamar mai dabino da ke miƙo maka ɗaya ka ɗanɗana. Sau da yawa shekarar bugu tana cikin waɗannan shafuka. Da ka sauke su tukuna, da ba ka yi cinikin biri a sama ba.

Tambaya: Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Ina koyar da yaran maƙwabta a gida a unguwar Kandara. Na ga tallar wani ƙaramin kantin intanet na nan Saudiyya, suna sayar da littafin koyon rubutun Larabci na yara, a sauke a buga. Na biya riyal 35 da katin Mada. Sun ce shafi 80 ne, da na buɗe 31 kaɗai ke da rubutu, sauran farare fat. Na yi musu magana, suka ce kayan dijital ba a mayarwa, haka dokar ƙasa ta ce. Da gaske ne? Ƙanwarka, daga Jidda.

Amsa: Malama, rabin gaskiya suka gaya miki, suka danne rabin da ya hau kansu.

Saudiyya ta fitar da dokar cinikin intanet a 2019, ta fara aiki a watan Oktoba na shekarar. Dokar ta ba mai saye kwana 7 bayan karɓar kaya ya fasa ciniki, muddin bai yi amfani da kayan ba. Sai aka ware wasu abubuwa aka ce wannan dama ba ta shafe su ba, cikinsu har da littattafai da jaridu da mujallu, da manhajojin da ake saukewa ta intanet. Dalilin a fili yake: abin da ake cinye amfaninsa da ido a dare ɗaya, ko a kwafe shi a ajiye, ba a gane an taɓa shi. Don haka wanda ya sayi littafi lafiyayye sannan ya ce ya sake shawara, doka ba ta tsaya masa ba, sai in mai kantin ya ga dama. A nan suka tsaya da karanta miki. Ba su ƙarasa inda aka ce, a kan abin da ake saukewa, togaciyar ba ta aiki in kayan na da aibin da ya hana saukewa ko ya saɓa wa abin da aka yi ciniki a kai. Ke shafi 80 kika biya, aka ba ki 31.

Bari in ba ki labarin kantinmu. Wata rana bayan aikin Hajji wani dattijo daga Nijar ya shigo riƙe da mujalladin tafsiri ɗaya cikin saitin da ya saya, gobe jirginsu zai tashi. Bai iya Larabcin magana ba, ni na yi masa tafinta. Ya buɗe tsakiyar littafin ya nuna: shafi 16 a jere farare, injin bugu ya tsallake su. Mai kantinmu, Allah ya jiƙansa, bai tambayi fatura, wato rasit, ba. Ya ɗauko wani daga kanta, ya sa babban yatsa ya kaɗa shafukan a gaban dattijon tun daga farko har ƙarshe, sau biyu, sannan ya miƙa masa da hannu biyu yana ba shi haƙuri. Malaman fiƙihu suna kiran wannan haƙƙi khiyarul aibi, wato zaɓin da mai saye ke da shi in ya tarar da lahanin da ba a gaya masa ba. Ko allon nan da muka saba gani a shaguna, mai cewa abin da aka sayar ba a mayarwa ba a musanyawa, Ma'aikatar Kasuwanci ta hana rataye shi fiye da shekara goma da suka wuce. Fararen shafuka a waya da fararen shafuka a takarda duk ɗaya ne.

Ga abin da za ki yi. Ɗauki hoton tallar inda suka rubuta shafi 80 tun ba su goge ba, ki haɗa da fatura, da saƙon bankinki, da hoton shafukan da babu komai. Ki rubuta musu sau ɗaya, cikin ladabi, ki ce ko su turo cikakken littafi ko su mayar da kuɗi nan da kwana biyu. In suka yi kunnen uwar shegu, ki kai ƙara ta manhajar Balagh Tijari ta Ma'aikatar Kasuwanci, ko ki kira 1900. Na san da yawa cikin mutanenmu na ganin irin wannan ƙofa ta 'yan ƙasa ce kawai, sai su haɗiye su yi shiru. Dokar mai saye ta ambata, ba ta ce sai ɗan ƙasa ba. Gaba kuma, kafin ki biya wani ƙaramin kanti, ki duba ko yana da rajista a Cibiyar Kasuwanci ta Saudiyya, kuma ko ya rubuta tsarin mayar da kaya a shafinsa. Wanda ya ɓoye waɗannan biyu, ki wuce shi.

Tambaya: Kawu, wani abokina ya koya mini dabara. In sayi labari, in karance shi a dare biyu, in mayar kafin kwana 7 su cika, kuɗina su dawo. Na yi haka sau huɗu. Kamfanin da ke sayar da littafin ne da kansa ya ba da dama, kuma kuɗinsu ba ya ƙirguwa. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Akwai laifi? Ɗanka, daga Riyad.

Amsa: Ɗana, zuciyar taka ta riga ni ba ka amsa, kuma na ji daɗi da ka saurare ta.

Ka fara sanin aljihun da kuɗin ke fita. Marubucin da ya saka littafinsa da kansa a Amazon yana samun kashi 70 ko kashi 35 cikin 100 na farashi, gwargwadon kuɗin littafin da ƙasar mai saye. Littafin dala 2.99, wato riyal 11 da 'yan kai, ko an ba shi babban kaso abin da zai shiga hannunsa bai kai riyal 8 ba. Ranar da ka mayar, wannan ɗan kason ake zarewa daga lissafinsa. Kamfanin da kake hange yana nan daram. Wanda ya ji a jikinsa mutum ne da wataƙila ya shekara yana rubutu bayan ya tashi daga aiki.

Dabarar abokinka ma ba sabuwa ba ce. A 2022 ta bazu a TikTok, matasa na koya wa juna, har wasu marubuta suka wayi gari lissafinsu ya koma bashi. Ƙungiyoyin marubuta na Amurka da Ingila suka tashi tsaye, shi ne aka kawo ƙa'idar kashi 10 da na ambata wa ɗalibin Madina. Ka ga ke nan masu wannan ɗabi'a sun ƙuntata wa kowa, har da mai uzuri na gaskiya. Kuma kantunan na lura: wanda ya cika mayarwa suna iya rufe masa ƙofar gaba ɗaya.

Ka ce su suka ba da dama. Sun ba da ita ne ga wanda ya yi kuskure, ko aka ba shi abu mai lahani. Shi ya sa suke tambayar dalili. Me ka zaɓa a wurin, sau huɗun nan? In ka ce bisa kuskure ka saya alhali da niyya ka saya, ka san sunan wannan magana.

Akwai hadisin da nake yawan tunawa a nan, yana cikin Bukhari da Muslim. Mutum ya sayi tunkiya wadda mai ita ya bar nono ya taru a hantsarta don a zaci mai yawan nono ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba mai sayen zaɓi bayan ya tatsa: in ya so ya riƙe, in ya so ya mayar, amma ya haɗa da sa'i ɗaya na dabino. Ka duba da kyau. Wannan mutum shi aka yaudara, duk da haka ba a bar shi ya sha nonon a banza ba. To kai da ba wanda ya yaudare ka, ka tatse littafi tas, ka mayar da shi ko ƙwayar dabino babu?

Kada kuma wani ya ce maka rubutun waya ba dukiya ba ne tunda ba a taɓa shi da hannu. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda hedikwatarta ke nan Jidda, ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin mawallafi abu ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba.

Gyaran mai sauƙi ne, alhamdu lillahi. Littattafan huɗu suna nan a kanti. Ka sake sayensu, ko ɗaya-ɗaya duk wata in aljihu bai ba da dama ba, ka bar su. In kuma tsadar littafi ce ke damunka, kana zaune a garin da ke da Laburaren Sarki Fahad da na Sarki Abdul'aziz, ga kuma tsofaffin littattafai da wa'adin haƙƙinsu ya ƙare, ana samun su kyauta ta halal.

Tambaya: Kawu, ina gaisuwa. A unguwar Share Mansur nake a Makka, aikin gida nake yi. In na gama da dare, karatun littattafan Hausa ne hutuna. Wata marubuciya a gida ta saki shafukan farko na sabon littafinta kyauta a WhatsApp, ta ce ci gaba sai an biya. Na ba mai canji riyal 15 ya tura mata naira, ta saka ni a guruf. Ta yi wata biyu tana saki kullum, sai ta tsaya a tsakiyar labari. Yau wata huɗu shiru, in an yi magana ta ce uzuri. Wasu a guruf sun ce mu watsa abin da ta rubuta kyauta mu rama. In nemi kuɗina ko in bi su? 'Yarka, daga Makka.

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya sa wa neman da kike yi albarka. Wasiƙarki ta fi sauran taɓa ni, domin wannan shi ne cinikin da mutanenmu suka fi yi, kuma shi ne wanda ba shi da maɓalli ba shi da lambar kira. Ke kina Makka, ita tana Najeriya, kuɗin ta hannun mai canji suka bi. Abin da ya rage tsakaninku amana ce kawai.

Haƙƙinki yana nan. Labari cikakke kika biya, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Marubuciyar da ta karɓi kuɗin mutane, ɗayan uku ya hau kanta: ta ƙarasa, ko ta mayar da kuɗi gwargwadon abin da ya rage, ko ta ba da wani kammalallen littafinta a madadi in mai saye ya yarda. Cewa uzuri kawai har wata huɗu, ba tare da an sa rana ba, bai wadatar ba. Riyal 15 a hannun mai wanke-wanke da goge-goge a gidan mutane gumi ne, kuma ina so marubutanmu su ji wannan da kyau.

Duk da haka ina roƙonki ki kyautata mata zato kafin komai. Yawancin waɗannan mata da babban yatsa suke buga littafi a waya, shafi bayan shafi, ga goyo ga girki, ga rashin wuta ga tsadar data. Ciwo na zuwa, haihuwa na zuwa, rasuwa na zuwa, waya na faɗawa ruwa. Mai wata biyu tana saki kullum ba ta yi kama da wadda ta shigo da niyyar cuta ba.

Maganar watsa littafin kuwa, kada ki sa hannunki. Abin da ta riga ta rubuta kun karɓa kun karanta, nata ne. Bashin da kike bi rabin da bai zo ba ne, kuma watsa rabin farko ba zai kawo shi ba. Zai dai tabbatar ba za ta taɓa ƙarasawa ba, domin ba mai komawa gonar da aka sakar wa awaki. Waɗanda suka kawo shawarar, ki gaya musu Kawu ya ce a'a.

Ga marubuta kuma, tun ran gini ran zane. Kafin ki karɓi sisin kowa, ki rubuta a fili: an gama littafin ko ana kan rubutawa, sau nawa za a riƙa saki a mako, me za a yi in kin tsaya. Layi uku ne. Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kamar yadda ya zo a hadisi, amma sai an faɗi sharaɗin tukuna. In kuma wata ta biya ta dawo a ranar ta ce ta fasa tun ba ta karanta ba, ki sallame ta da daɗin rai. Wannan shi ne iƙala, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya amince ya warware wa Musulmi ciniki, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Masu karatu su ma su riƙa tambaya kafin su biya: an gama? In aka ce ba a gama ba kika biya, to ki sani kin ɗauki wani kaso na kasadar. Ko manhajojin sayar da littafi ba su da tabbas na har abada, OkadaBooks ta Najeriya da marubutan Hausa da yawa suka saka littattafansu a ciki ta rufe a watan Nuwamba na 2023.

Yanzu ki bar cikin guruf, inda kowa ke jifa da magana, ki same ta ita kaɗai. Ki yi sallama, ki tambayi lafiyarta da ta yara. Sannan ki ce: Anti, ni ce wadda ta biya daga Makka ranar kaza, ga shaidar turawa. In za ki ci gaba, ki sa mana rana, zan jira. In ba hali, ki ba ni wani littafinki da kika gama, ko ki mayar mini da rabin kuɗin ta asusun ƙanwata a gida. Ki ba ta mako biyu. Duk abin da ta ce, ki rubuto mini, ina so in ji yadda kuka ƙare.